Idan jifar bincike ta faɗi: yadda na bi har labarin ya daina tsayawa

Wannan rubutu na yi shi ne domin wanda ya fara jan ragamar wasan labari na kan tebur, ko yake shirin farawa, musamman idan labarinsa na bincike ne: wani ya ɓata, ko an sace wani abu, 'yan wasa kuma su ne za su gano bakin zaren. Akwai wani wuri da kusan duk jagora yake cin tuntuɓe. Ka ɓoye hujjar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta, ka ce wa ɗan wasa ya jefa ɗan ludo a ga ko zai same ta, sai lambar ta ƙi fitowa. To daga nan fa? Wannan tambaya ta daɗe tana ba ni wahala, shi ya sa zan faɗi yadda na bi daki-daki, ko wani ya huta da kewaye-kewayen da na yi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan zama ne na mutum huɗu ko biyar. Kowa yana riƙe da takardar jaruminsa, mai ɗauke da sana'arsa da abubuwan da ya ƙware a kai, kowanne da lambarsa. Jagora shi ne yake faɗin abin da suke gani da ji, kuma shi yake magana da bakin sauran mutanen cikin labarin. Idan ɗan wasa ya ce zai yi abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, babu wanda ya ci wani. A Amurka abin ya samo asali, da Dungeons & Dragons wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mu kuwa da Call of Cthulhu muka fara, na Sandy Petersen, wanda kamfanin Chaosium ya buga a 1981, saboda shi bincike ya fi ƙarfi a cikinsa, faɗa kaɗan ne.

Matakin farko bai ci mini kuɗi sosai ba. Kamfanin yana ba da taƙaitattun ƙa'idojin bugu na bakwai kyauta a intanet, sai na sauke na kai shagon buga takardu, kuɗin bugawa da na data kawai na kashe. Da Turanci suke, don haka na zauna da fensir na rubuta wa kowa sunayen ƙwarewa da Hausa a gefen takardarsa. 'Yan ludon da wasan ya fi buƙata masu fuska goma ne guda biyu, ɗaya na gomomi ɗaya na ɗaiɗaiku, su ba ka lamba daga 1 zuwa 100. Na zaga kasuwa ban samu ba, muka koma amfani da manhajar waya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan ƙwarewarka 60 ce, ka jefa ka sami 60 ko ƙasa da haka, ka ci. Ka haura, ka faɗi. Wanda bai zuba maki a kaifin ido ba, da 25 yake farawa, binciken takardu kuma da 20.

Wasan an gina shi ne a kan shekarun 1920, sai na bar zamanin yadda yake na dawo da labarin gida. Na ƙirƙiri wani gari a bakin layin dogo, a lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911 kuma cinikin gyaɗa ya kankama. Akawun wani kanti mai sayen gyaɗa ya ɓata. Gaskiyar da ni kaɗai na sani ita ce, ya gano an yi wa duwatsun sikeli coge ana cutar manoma, ya rubuta ainihin awon a wani ɗan littafi, ya binne shi a rami ƙarƙashin randar ɗakinsa. Dillalin da yake wannan almundahana ya sa an kulle shi a wani tsohon sito kusa da tasha, yana jira jirgin kaya ya zo a yi gaba da shi. Littafin ne yake kai ka ga sunan dillali, gidan dillali ya kai ka ga makullin sito, sito ya kai ka ga akawu. Kowane mataki na ɗora masa jifa ɗaya. A lokacin ina ganin haka ake yi.

Muka zauna wata Asabar bayan sallar isha'i, ni da ƙanena, da ƙanwata, da wani abokina, da ɗan maƙwabcinmu. Farkon zaman ya yi daɗi ƙwarai. Sun yi hira da matar akawu, sun yi ciniki da mai tallan fura, ƙanwata da take taka rawar ungozoma har ta kwantar wa matar da hankali da kalaman da ban yi zaton za ta iya ba. Suka shiga ɗakin akawu. Abokina, wanda jaruminsa tsohon ɗan doka ne mai kaifin ido 60, ya ce zai bincika. Na ce ya jefa. Waya ta nuna 83. Na dubi takardata, babu abin da na rubuta na irin wannan hali, sai na ce, "Ba ka ga komai ba." Aka yi jugum. Ɗan maƙwabcinmu ya ce shi ma zai duba, ya faɗi. Ƙanena ya jefa, ya faɗi. Suka fita daga ɗakin, littafin yana nan ƙarƙashin randa, ni kuma gabana yana faɗuwa don na san babu wata hanya da ta rage.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi nauyin sa'a da na taɓa yi a kan tebur. Suka koma kasuwa suna tambayar duk wanda suka gani, ni ina ƙirƙiro amsoshin da ba sa kai su ko'ina. Ina kallo ɗan maƙwabcinmu ya ɗauki wayarsa ya shiga WhatsApp. Da na ga dare yana yi, sai na sa wani yaro ya rugo da gudu ya ce ya tsinci littafi a ɗakin akawu. Suka karɓa, suka gama labarin, aka ceto mutumin. Amma da muna tattara takardu ƙanwata ta ce, "To Yaya, ashe da zama muka yi muka jira yaron nan da mun huta." Ba da wasa ta faɗa ba, kuma ta yi gaskiya. Duk wahalar da suka sha ba ita ta kawo nasarar ba, kuma sun gane hakan.

Washegari na ɗauki biro na yi lissafi, kuma ina ba duk sabon jagora shawarar ya yi wannan lissafin kafin ya tara mutane. Jifa uku a jere, kowacce damar ci kashi 60 cikin ɗari, kuma sai an ci dukansu kafin a kai ƙarshe. Ka ninka su, abin da zai rage kusan kashi 22 ne cikin ɗari. Wato a zama biyar, kusan huɗu labarin zai mutu a hanya, ko da 'yan wasa sun yi komai daidai. Na gina gada ne da katako ɗaya tal, sannan na bar wa ɗan ludo ya yanke ko katakon zai karye.

Maganin da ya fara zuwa mini shi ne in bar kowa ya jefa, wanda ya faɗi ma ya sake. Mun yi 'yan zama a haka. Labari ya daina tsayawa, gaskiya ne, domin idan mutum huɗu suka jefa kowanne da rabin dama, sau ɗaya ne cikin goma sha shida za su faɗi gaba ɗaya. Amma jifar ta zama ba ta da wani nauyi. Babu mai riƙe numfashi, kowa danna waya yake yi har sai lamba ta fito. Abin da ya fi damuna, tsohon ɗan doka da ya zuba makinsa a kaifin ido sai ya faɗi, malamin allo mai 25 ya zo ya gano abin, sai ka ga ran abokina ya ɓaci don sana'ar jaruminsa ta tashi a banza. Sannan suka koyi karanta ni: duk inda na ce a jefa, to akwai abu a wurin, ba za su fita ba sai sun same shi. Na gwada jefa musu a ɓoye, na kafa kwali a gabana. Wannan ya hana su ganewa, amma bai hana labari maƙalewa ba, sai ma ya buɗe mini ƙofar faɗin lambar da ba ita ta fito ba. Wannan ƙofar ban so ta ba ko kaɗan. Ranar da suka fara zargin ana gyara musu lamba, duk nasarar da suka taɓa yi za ta zama abin shakka a wurinsu.

Daga nan na yanke shawarar sayen cikakken littafin jagora. Da dala ake biya, katin bankina ya ƙi, sai da na jira wani abokina da yake karatu a waje ya biya mini na mayar masa da naira. Jiran ya ɗan daɗe, amma da littafin ya zo hannu na ga ashe masu wasan sun san da wannan matsala. Bugu na bakwai, wanda ya fito a 2014, ya raba hujjoji gida biyu: akwai bayyanannu, waɗanda ake ba 'yan wasa ba tare da jifa ba domin labari yana buƙatarsu, akwai kuma ɓoyayyu, waɗanda ana iya rasa su labari ya ci gaba. Sannan akwai jifar naci. Wanda ya faɗi yana iya neman ya sake sau ɗaya, amma sai ya faɗi abin da zai yi daban, ko ƙarin ƙarfi ko ƙarin kasada, kuma idan ya sake faɗuwa jagora yana da damar sauko masa da mummunan sakamako. Akwai kuma jifar tunani, ta lokacin da kowa ya rasa inda za a nufa: ko an ci ko an faɗi za a sami bakin zaren, bambancin kawai wanda ya faɗi zai same shi ne yana tsakiyar masifa.

Na so in ga yadda wannan zai yi aiki a ɗaki guda da randa guda, sai na sake jan labarin akawu ga wasu abokan aikina da ba su san shi ba. Aka zo ɗakin, mai bincike ya jefa ya faɗi. Na tambaye shi, "Malam, za ka haƙura ko za ka nace? In za ka nace, me za ka yi?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce zai ɗauko fartanya ya bi daɓen ɗakin yana ƙwanƙwasawa, ya ture duk abin da ya tare masa hanya. Na ce to, amma ya sani in ya sake faɗuwa, wani abu zai lalace. Ya yarda. Ya jefa, ya sake faɗuwa. Sai na ce ƙotar fartanyar ta daki randa, randa ta dare, ruwa ya kwarara, kuma maimakon ya bazu a ɗaki sai suka ga yana zurarewa cikin wani ɗan rami. Suka tona da hannu da sauri, suka ciro littafi sharkaf. Akawun da tawadar gida ya yi rubutun, irin wadda ruwa yake wankewa, don haka shafukan baya sun zama baƙin ruwa. Sunan dillali ya tsira, amma lissafin awon da zai zama hujja a gaban alƙali ya tafi. Ban manta yadda mutumin ya dafe kai ba, da yadda sauran suka hau gardama a kan inda za su samo wata shaidar. Jifa biyu suka faɗi a jere, amma ba a taɓa samun zaman da ya kai wannan zafi ba. A nan na fara gane cewa faɗuwar ba ta da laifi, amsar "ba ka ga komai ba" ita ce take kashe tebur.

Duk da haka jifar naci ba ta isa ita kaɗai ba, domin ɗan wasa yana iya cewa ya haƙura ya fita. A wannan lokacin na ci karo da shawarar Justin Alexander, wadda ya rubuta a 2008 kuma ta yi suna tsakanin masu jan wasa: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka tanadar masa aƙalla hujja uku. Na koma kan labarina na sake masa fasali. Hanyar zuwa ga dillali ta zama uku: littafin ƙarƙashin randa, duwatsun sikeli da duk mai ido zai ga an huda gindinsu an cika da dalma, da mai tallan fura da ta ga yaran dillali suna jan wani mutum da asuba. Idan kowacce damar samunta kashi 60 ce, damar rasa dukansu ta sauko zuwa kusan kashi 6 cikin ɗari. Amfaninta ya wuce lissafi ma, domin 'yan wasa sukan sami hujja su kasa fahimtar inda ta nufa, ta biyu ce take haska ta farko. Kuɗinta shi ne lokaci. Shirin da nake gamawa a yammaci ɗaya ya koma yana cin mini dare biyu ko fiye, kuma wasu hujjojin da na ɓata lokaci a kansu babu wanda ya taɓa zuwa kusa da su. Ina ganin ya cancanci wahalar, amma kada wani ya ce maka kyauta ne.

Abin da ya ƙarasa warware mini kai daga wani wasa daban ya zo. Robin D. Laws ya tsara wani tsari mai suna GUMSHOE, wanda kamfanin Pelgrane Press na Ingila yake bugawa, kuma a kansa Kenneth Hite ya gina Trail of Cthulhu a 2008. Tushensa shi ne: idan jarumi yana da ƙwarewar da ta dace, ya je wurin da ya dace, ya ce zai yi amfani da ita, to hujjar da labari ya dogara a kanta tasa ce, babu jifa. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. A labarin bincike, ba a zaman jiran a ga ko mai bincike zai hango sawun ƙafa, ana jira ne a ga me zai fahimta daga sawun. Ban sayi wasan ba, ra'ayin na ɗauka. Na haɗa shi da abin da na gani a Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010, inda ake jefa 'yan ludo biyu masu fuska shida: 10 zuwa sama nasara ce cikakkiya, 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada, 6 zuwa ƙasa kuma jagora ya motsa duniyar labarin a kanka. Babu inda aka bar gurbin "babu abin da ya faru". Masu wasan Dungeons & Dragons ma kada su ce wannan bai shafe su ba. Littafin 'yan wasa na 2014 da kansa ya ce faɗuwa tana iya zama rashin ci gaba, ko kuma ci gaba haɗe da koma-baya, littafin jagora kuma ya yarda a ba da nasara mai tsada ga wanda ya gaza da maki ɗaya ko biyu.

Tun daga nan takardar shirina ta koma gida biyu. A hannun dama ina rubuta hujjojin dole, waɗanda in babu su ba za a je wuri na gaba ba. Waɗannan duk wanda ya nema a inda suke zai samu. A hannun hagu ina rubuta na ƙari, waɗanda suke sauƙaƙa aiki ko su tona wani sirri: cewa dillali yana da bindiga, cewa maigadin sito yana jin haushinsa. Waɗannan ana iya rasa su har abada, kuma ina barin a rasa su. Ƙarƙashin kowace jifa kuma ina rubuta layi ɗaya tun a gida: idan ta faɗi, me zai faru? In na rasa abin rubutawa, to wurin ba ya buƙatar jifa. Farashin da nake ɗorawa ba su da yawa. Wani lokaci lokaci ne yake tafiya, binciken da zai ɗauki minti goma ya cinye yini. Wani lokaci asirinsu ne yake tonuwa, wani ya gan su ya kai rahoto. Ko hujjar ta zo da rauni kamar littafin nan da ya jiƙe, ko sai sun ci bashin alfarma a wurin wanda ba su so, ya zo karɓa daga baya. Wanda ya fi yi mini aiki shi ne lokaci, amma sai an sa shi a inda ido zai gani. Nakan zana akwatuna shida a takarda in ajiye a tsakiyar tebur, in ce ranar da suka cika jirgi ya tashi. Duk jifar da ta faɗi sai in cike ɗaya a gabansu.

Akwai wata hanya da na gwada na watsar, kuma ina gargaɗi a kanta domin tana da jan hankali: ba wanda ya faɗi hujjar ƙarya. A wani zama, ɗan wasa ya faɗi jifar duba sawu, sai na ce masa sawun ya nufi ɗakin maigadi. Suka kwana suna tuhumar bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma da gaskiya ta fito ba su ji an yi musu dabara mai kyau ba, sun ji an yaudare su. Dalili kuwa, 'yan wasa ba su da ido a duniyar labarin sai bakin jagora. Idan wannan bakin yana iya yin ƙarya, to babu abin da za su tsaya a kai su yi tunani. Yanzu ƙarya daga bakin mutanen labarin kawai take fitowa. Dillali yana iya rantsuwa cewa bai taɓa ganin akawu ba, wannan halinsa ne, kuma akwai hanyar kama shi. Amma abin da na ce idonka ya gani, ya gani.

Da na dawo wa 'yan gidanmu da wannan sabon tsari, ƙanena ne ya fara tayar da magana. Ya ce, "Yaya, in dai ko mun ci ko mun faɗi za mu samu, to jifar me muke yi?" Tambaya ce mai kyau, kuma bayanin baki bai gamsar da shi ba. Wasan ne ya ba shi amsa. A labarin da ya biyo baya, an ɗora wa wani maigadi satar da bai yi ba, kuma mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, wani tsohon falke da ayarinsa zai tashi da asubar Juma'a. Duk hujjojin dole sun shiga hannunsu. Amma sun faɗi jifa a gidan mai unguwa, yini ya tafi. Suka zaɓi su nace a wurin wani ɗan kamasho, suka sake faɗuwa, ya aika aka gaya wa ɓarawon na gaskiya. Akwati ya rage ɗaya, ƙanwata ta ce a tafi zango yanzu, sauran suka ce a fara tsayawa a ɗauko wata takarda. Aka bi ra'ayin masu yawa. Jifar ta faɗi, na cike akwati na ƙarshe. Suka isa zango suka tarar da toka mai ɗumi da kashin raƙuma, ayari ya yi nisa. Alƙali ya yanke wa maigadi hukunci, kuma ban sauko da wani yaro ya kawo ceto ba. Ni kaina abin ya taɓa ni, don na so mutumin nan ya kuɓuta. Sun daɗe a zaure suna musu, kuma duk musun a kan shawararsu ne: da an bi maganar ungozoma, da ba a nace a wurin ɗan kamasho ba. Babu wanda ya zagi waya. Ƙanena bai sake yin tambayar ba, sai ma ya nemi mu ci gaba da labarin, su bi ayarin.

Sauran abubuwan da na tsinta a hanya ƙanana ne amma suna hana ciwon kai. Kafin ka ce a jefa, tambayi ɗan wasa ina yake dubawa kuma ta yaya. Idan ya ce zai ɗaga randa ya duba ƙarƙashinta, ba shi littafin kawai, tunaninsa ya riga ya yi aikin da ɗan ludo zai yi, kuma babu abin da ya kai hana shi ciwo. Wuri ɗaya jifa ɗaya, wanda ya fi ƙwarewa shi zai jefa, mai taimaka masa kuma ya jawo masa ƙarin ɗan ludon gomomi a ɗauki wanda ya fi kyau, irin ƙarin ɗan ludon da bugu na bakwai na Call of Cthulhu ya tanada. Sakamakon ya zauna har sai wani abu ya canja a labarin. Ka faɗi farashin faɗuwa a fili kafin a jefa, domin wanda ya ji sharaɗi ya yarda ba ya jin an zalunce shi. Idan kuma hujjoji suna hannunsu amma sun rasa yadda za su haɗa, kada ka yi gaggawar ba su amsa. Ka ce a sha shayi, in an dawo wani ya karanto abin da aka samu da ƙarfi. Sau da yawa a tsakiyar karantawar wani zai ce, "Tsaya, ai wannan sunan mun taɓa jin sa." In hakan bai yi ba, ka tuna mugun cikin labarin ba a zaune yake ba, yana iya aiko yaransa su yi musu barazana, kuma wanda aka aiko ana iya bin sawunsa.

Wani abu guda da ya kamata a daidaita tun kafin a fara: ba kowane tebur yake son wannan salon ba. Cikin abokan aikina akwai wanda ya ce shi ya fi son faɗuwa ta zama faɗuwa, in sun rasa hujja su rasa, ko da labarin zai ƙare ba a gano komai ba, don a wurinsa wannan ne yake sa nasara ta yi daraja. Ra'ayinsa ba shirme ba ne, kuma akwai masu jan wasa da yawa da suke tafiya a haka. Idan da shi za mu zauna, nakan rage hujjojin dole in ƙara yawan hanyoyi, in bar ɗan ludo ya rufe wasu ƙofofin da gaske. Shi ya sa yanzu a zaman farko, kafin a raba takardun jarumai, nake tambayar kowa wanne ya fi so, in rubuta amsar a saman takardar shirina.